RIGAKAFI YA FI MAGANI: ABIN DA KE SA MUTUM YA KAI DABBOBINSA ALLURA DA KANSA

Wannan ɗan littafi na magidanta ne da matan gida na ƙasashen Jega da Aliero da Maiyama, da Fulanin da ke zaune tare da su. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

In malaman dabbobi suka sauka a gari don yin allurar rigakafi, sai ka ga mutane sun kasu biyu. Wani tun da sassafe ya koro shanunsa da awakinsa, har da kajin matarsa a cikin kwando. Wani kuwa ya ji shela sarai, amma ya saɓa fartanya ya tafi gona abinsa. Na farkon nan ba a aika masa da ɗan doka ba, ba a kuma yi masa alkawarin kome ba. To, me ya tashe shi? In ka bincika, za ka tarar abu biyar ne ya sani, waɗanda ɗan'uwansa bai zauna ya yi tunani a kansu ba. Su za mu bayyana maka ɗaya bayan ɗaya. Amma bari mu fara da ita allurar kanta.

MECE CE ALLURAR RIGAKAFI?

Cututtukan da ke yaɗuwa cikin garke ƙwayoyi ne ke kawo su, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suna fita daga jikin dabba mara lafiya ta majina da yawu da zawo da numfashi, su shiga jikin mai lafiya. Allah ya sa wa jikin kowace dabba dakarun da ke yaƙi da waɗannan ƙwayoyi. Sai dai in cuta baƙuwa ce, kafin dakarun su gane ta, ta riga ta ci gari.

Abin da ke cikin kwalbar rigakafi shi ne ƙwayar cutar nan, amma an karya mata ƙarfi ko an kashe ta. In aka sa ta a jikin dabba, dakarun sai su gan ta, su san kamanninta, su yi shiri. Ran da ta gaske ta zo, sai ta tarar da su a tsaye. Shirin nan ya kan ɗauki kamar mako biyu zuwa uku.

Saboda haka ka lura da abu biyu. Na fari, rigakafi ba magani ba ne. Dabba mai lafiya ake yi wa, tun cuta ba ta zo ba. Na biyu, kowace cuta da tata allura. Ta ciwon huhu ba ta tsare saniya daga ciwon saifa.

Da yawa daga cikin alluran da ake yi wa dabbobinmu a nan ƙasar ake haɗa su, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda ke wannan aiki a can tun 1924.

NA ƊAYA: YA YI LISSAFI

Dabba ita ce asusun talaka. Kai da ke noman albasa a Aliero, da wane taki za ka gyara gonarka in turkenka ya zama wofi? Kai da ke huɗa da shanu a Andarai ko Mungadi, in sa guda ya faɗi ana gab da shuka, da me za ka kama damina? Uwargida kuma, akuyarta ita ce kayan ɗakin 'yarta, kajinta su ne kuɗin magani ran da yaro ya kwana da zazzaɓi. Ragon da aka yi wata da watanni ana ba shi dusa da harawa don kasuwar Layya, in ya mutu, ba shi kaɗai aka rasa ba, har da duk abin da ya ci.

A ce kana da awaki 10. Akwai annobar awaki da tumaki wadda likitoci ke kira PPR. Ta kan fara da zazzaɓi da majina da kwantsa, baki ya yi gyambo, sa'an nan zawo da tari su biyo. In ta shiga garken da bai taɓa saninta ba, tana iya kashe fiye da rabi, wani lokaci har 8 ko 9 cikin 10. Ba ta da magani. Kafso da allurar da ake saye a kasuwa ba su kashe ƙwayarta. Amma allurar rigakafinta guda ɗaya ta kan tsare akuya har shekara uku ko fiye. Kuɗin akuya guda kuwa ya isa a yi wa awakin unguwa duka allura, har a yi saura.

Wanda ya koro dabbobinsa da sassafe wannan lissafi ya yi. Ya ga gara ya ba da kaɗan da hannunsa da a ƙwace masa da yawa.

NA BIYU: YA JI LABARIN BUSHIYA

Tambayi kowane tsohon Bafillace abin da ake kira bushiya, ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. Ita ce annobar shanu da ta fi kowace muni. Ta shigo Afirka ta gabas, ta tashar jirgin ruwa ta Masawa a ƙasar Iritiriya, a 1887. Cikin 'yan shekaru kaɗan ta iso ƙasar Hausa. A wurare da dama, cikin shanu 10 da ƙyar guda ya tsira. Masu garke suka wayi gari ba su da ko maraƙi.

A 1962 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa kai suka fara yi wa shanu allurar bushiya gaba ɗaya, daga baya aikin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Duk saniyar da aka yi wa, sai a huda mata kunne don shaida. Cutar ta lafa, har mutane suka ɗauka ta tafi ke nan. Da aikin ya ƙare a 1976, sai aka yi sake. Aka yi ta haihuwar maruƙa ba a yi musu allura.

Ka san abin da ya biyo baya. A 1980 bushiya ta sake ɓulla a tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda ƙasarmu ke cikinta kafin a kafa Jihar Kebbi a 1991. A 1983 ta yi ɓarna mai tsanani a Arewa, shanu dubbai bisa dubbai suka hallaka. A lokacin ba a roƙi kowa ya kawo shanunsa ba. Makiyaya da kansu ke bin malaman dabbobi suna neman allura, wasu kuwa ba su samu ba sai da garke ya ƙare.

Aka sake ɗaura ɗamara, a wannan karon ba a saki ba. Ganin ƙarshe da aka yi wa bushiya a duniya a ƙasar Kenya ne, a 2001. A 2011 aka yi shelar ta ƙare a duniya baki ɗaya. Kafin ita, cuta ɗaya tak aka taɓa kawarwa haka, watau agana ta mutane, wadda lamba ta ga bayanta a 1980.

Darasi biyu ke cikin wannan labari. Allura tana aiki, har tana iya shafe cuta daga doron ƙasa. In kuwa aka ga sauƙi aka yi sake, cuta ta kan dawo ta tarar da 'yan baya ba shiri. Yanzu ƙasashen duniya sun sa annobar awaki da tumaki a gaba. A taron da aka yi a Abijan a 2015 aka ƙudura kawar da ita kafin ƙarshen 2030. Ita da bushiya dangin juna ne, kuma allurar da aka fi yi mata a Afirka daga ƙwayar da aka samo a Nijeriya a 1975 aka haɗa ta. Ko za a ci nasara, ya dogara ga akuyar da ke ɗaure a bayan ɗakinka.

NA UKU: YA SAN CUTA DA ƘAFA TAKE ZUWA

Wani ya kan ce, "Ai nawa lafiyarsu lau, ba su zuwa ko'ina." To, in su ba su zuwa, na wasu suna zuwa.

Dubi inda muke zaune. Kasuwar Jega ta yi suna tun ƙarni na 19, har yau kuwa fatake na haɗuwa a cikinta daga nesa. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, motoci ɗauke da dabbobi na bin ta dare da rana. Jiharmu ta yi iyaka da Nijar da Binin, da rani kuwa garkuna kan gangaro neman ciyawa da ruwa, su sha a Gulbin Zamfara da fadamun da namu ke sha. Wannan duk arziki ne. Amma hanyar da ciniki ke bi, ita cuta ke bi.

Ɗauki ciwon huhu na shanu. Saniya tana iya warkewa a ido, ta yi ƙiba, alhali ƙwayar na ɓoye cikin huhunta wata da watanni. Ka saye ta da kuɗinka, ka kawo ta gida, ta yi tari a tsakiyar garke, shi ke nan. Haka kaza guda da aka sayo ko aka kawo tsaraba take ƙarar da akurki, musamman da hunturu, lokacin da annobar kaji da ake kira Niyukasil ta fi tashi. Za ka ga kaza ta yi zugum, tana koren zawo, wuya ya murɗe, kafin mako gida ya yi tsit.

Mai hankali ya san ba shi da iko a kan abin da ke shigowa kasuwa. Abin da ke hannunsa shi ne ya shirya nasa.

NA HUƊU: YANA TSORON WA IYALINSA

Akwai cututtukan dabbobi da ke kama mutum. Biyu daga cikinsu wajibi ne kowane gida ya san su.

Na fari ciwon saifa. Saniya ko tunkiya tana kiwo lafiya, sai a ga ta faɗi ta mutu nan take, jini baƙi wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. Wanda ya feɗe ta, ko ya ɗauki fatar, ko ya ci naman, yana iya kamuwa. Ta kan fito wa mutum da gyambo mai baƙin tsakiya, in ta shiga ciki kuwa tana kisa. In jinin ya zuba a ƙasa, ƙwayar ta kan zauna nan shekaru da yawa tana jiran wata dabba. Wannan ba labarin da ba ne. A watan Yuli na 2023 Gwamnatin Tarayya ta tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja, a Jihar Neja maƙwabciyarmu. Allurarsa sau ɗaya ce a shekara.

Na biyu haukan kare. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, babu sauran magani. Yara kuwa su aka fi cizo. Karen farauta da na gadi da na kiwo, duka a yi musu allura kowace shekara. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira.

Ka ga ashe allurar dabba rigakafin gida ce.

NA BIYAR: YA SAN HAƘƘIN MAƘWABTAKA

Awakin gari tare suke kiwo, kajin unguwa juji ɗaya suke tono. Cuta kamar gobara ce a cikin dannin kara. In yawancin dabbobin gari suna da allura, sai ta rasa abin kamawa ta mutu. In kaɗan ne suka yi, sai ta yi ta tsalle daga gida zuwa gida, ta cinye 'yan jariran da ba su isa allura ba, har na gidan wanda ya yi ƙoƙari. Saboda haka wanda ya ƙi, ba kansa kaɗai ya cuta ba.

Akwai kuma wani dalili. Kwalba guda ta kan ɗauki allurar dabba 50 ko 100, in an buɗe ta an haɗa kuwa, cikin 'yan sa'o'i ƙarfinta ke tafiya. Ba za a fasa kwalba don awaki uku ba. Amma in gida goma suka haɗu, suka sa rana, suka tara kuɗin man babur, malamin dabbobi zai zo, kowa kuma ya biya kaɗan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan ne hakimi da dagaci da mai unguwa da arɗo da liman suke da babban aiki. Talaka ya fi gaskata abin da ya gani. In ya ga shanun dagaci ne a gaban layi, ba ya bukatar wani dogon bayani.

AMSAR MASU SHAKKA

"Abin da Allah ya ƙaddara ba makawa." Gaskiya ne. Amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah, ya kuma hana a gama raƙuma marasa lafiya da masu lafiya. Kai ma ba ka ƙin shinge gonarka don ƙaddara. Dabba amana ce a hannunka.

"An yi wa na wane allura, suka mutu." A bincika yaushe aka yi. Sau da yawa sai cuta ta shiga gari ake rugawa neman allura, alhali ƙwayar ta riga ta shiga jiki. Wani lokaci kuma laifin kwalbar ne. Rigakafi ba ya son zafi, tilas ya zauna cikin sanyi tun daga inda aka yi shi har zuwa jikin dabba. Wanda aka shanya a rana a kan tebur a kasuwa ya zama ruwa kawai. Don haka kada ka yarda da kowa sai ma'aikacin da aka sani, wanda ya zo da akwatin ƙanƙara.

"Tana sa kumburi." I, wani lokaci. Allurar ciwon huhu ta kan sa wurin ya tasa, dabba kuma tana iya yin kasala kwana ɗaya ko biyu. In kumburin ya yi ta girma, a kira malamin da ya yi allurar, akwai maganinsa. Kada a tsaga, kada a yi lalas.

"So ake a ƙidaya dabbobinmu." Wannan tsoro tun zamanin jangali ne, lokacin da makiyayi kan ɓoye rabin garkensa a daji. Malamin dabbobi ba mai karɓar haraji ba ne. Yana rubuta adadi ne don a san yawan kwalaben da za a kawo. Wadda ka ɓoye masa, ita cuta za ta fara samu.

"Sai Gwamnati ta kawo kyauta." In an kawo, a fito a karɓa. Amma ba kullum ake zuwa ba, ba kuma kowane ƙauye ake kaiwa a kan kari ba. Cuta ba ta jiran motar Gwamnati. Ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarka a buɗe yake, je ka tambaya.

GARE KI, UWARGIDA

Yawancin awaki da tumaki da kajin gida na mata ne, su ne kuwa aka fi mantawa ran allura, domin shela a kasuwa da masallaci ake yin ta, maza kuma su kora shanu su bar ƙanana. Ki tuna wa maigida. In ba ki fita, ki aiki yaro da su. Rigakafin kaji ba ma allura ba ne: akwai wanda ake ɗigawa a ido, ɗigo ɗaya ga kowace kaza, babba da ƙarama, ana maimaitawa bayan wata huɗu-huɗu. Ki haɗa kai da matan unguwa ku nemi kwalba guda. Kai kuma maigida, dukiyar iyalinka tana cikin abin da aka ba ka kiwo.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Shanu: allurar ciwon huhu kowace shekara. Ta ciwon saifa da ta harbin daji kuma kowace shekara, kafin ruwa ya sauka.

2. Awaki da tumaki: allurar annobarsu ga duk wadda ta kai wata huɗu. Kowace shekara a kawo sababbin haihuwa da waɗanda aka sayo.

3. Kaji: sau uku a shekara, ɗaya daga ciki ya kasance kafin hunturu.

4. Karnuka: sau ɗaya a shekara.

5. Ka gaya wa malamin dabbobi wadda ba ta da lafiya, da mai ciki, da wadda aka ba magani kwanan nan. Ka tambaye shi kuma kwana nawa za a jira kafin a yanka wadda aka yi wa allura.

6. Dabbar da ka sayo, ka ɗaure ta dabam har mako uku, da abin cinta da abin shanta dabam, kafin ka gama ta da sauran.

7. Wadda ta kamu, a ware ta. Kada a kai ta kasuwa, gama sayar da cuta zalunci ne.

8. Wadda ta faɗi ta mutu farat ɗaya, kada a feɗe ta, kada a ci, kada a ja ta a ƙasa. A hana yara da karnuka zuwa wurin, a aika wa malamin dabbobi. Shi zai nuna yadda za a ƙone ta ko a binne ta da zurfi.

9. In dabbobi ko kaji suka fara mutuwa bi da bi, a sanar da dagaci da ofishin dabbobi ran nan.

10. A rubuta ranar da aka yi allura, ko a riƙe ta da wata alama, kamar girbin gero ko dashen albasa, don kada ta shige.

Babu wanda zai shiga kowane gida daga Kimba zuwa Sabiyel yana ƙirga awaki yana tilasta wa mutane. Aikin na mai dabba ne. Ran kasuwa mai zuwa, ka ratsa ofishin dabbobi ka tambayi lokacin allura da abin da ake biya. In ka dawo, ka gaya wa mai unguwa da maƙwabta, ku sa rana.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.